Yaya, ƙirjin sa ne

Yaya, tambayarka kan naman da muka ci da kuma bikin 17 ga Maris ta iso, kuma na gane inda ka dosa, kana zargin ko alade ne. Naman da ka gani a farantin nan ƙirjin sa ne, wato naman shanu, a wajen mahaucin halal na nan Bronx, a birnin New York, muka saye shi. Jan da ya yi kuwa, wani gishiri ne na musamman da ake tsuma nama da shi ya jawo. Alade bai taɓa shiga tukunyata ba.

Girkin dangin matar ɗana ne. Kakanninta mutanen ƙasar Ayilan ne, cikin waɗanda yunwar da ta fara a 1845 ta koro Amurka bayan dankalinsu ya ruɓe a gona. A can gida naman alade da kabeji suka saba ci. Da suka sauka New York sai suka tarar naman sa mai gishiri na mahautan Yahudawa ya fi sauƙin kuɗi, suka koma kansa. Har gobe na can Ayilan cewa suke wannan abincin Amurka ne, ba nasu ba. Da ta gaya min haka na yi dariya, don na san irin maganar, daga bakinku nake jin ta.

Aikin ba wuya, haƙuri yake so. Naman zai yi kamar mako guda a firiji cikin ruwan gishiri da sukari da masoro da kanumfari. Sai a ɗauraye, a dafa a wuta kaɗan-kaɗan wajen awa 3. Dankalin turawa da karas su biyo baya, kabeji a ƙarshe, kada ya narke. Wasunsu na zuba giya. Mu ba ma yi, ita ma ta daina tun kafin aure. Ni dai sai na barbaɗa yajin ƙuli, don lami nake jin sa.

Batun 17 ga Maris, bikin mutanen Ayilan ne na Waliyyi Patrick, waliyyin Kiristocin ƙasarsu, mu ba coci muke zuwa ba. Surukai sun gayyace ka cin abinci, ka ƙi? Yarinyar nan har ƙasa take durƙusawa ta gaishe ni, ta iya tuƙa tuwo, yaranta na zuwa Islamiyya Asabar da Lahadi. Hausarsu ce dai ta karkace, wannan kam yana damuna. Ku kuma in sun kira, maimakon ku gyara musu sai ku fashe da dariya, shi ya sa yanzu suke gudun waya. Ka ja kunnen yaran gidanka.