Amsata ta murya kan 'yan Sulobak da 'yan Okinawa

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri, tun jiya nake son in amsa, yatsuna sun gaji da rubutu, shi ya sa na ce bari in yi murya kawai. Malam, na ga jadawalin da ka turo, wanda ya jera ƙabilun Amurka da kuɗin da ke shiga gidajensu. Ka zagaye 'yan asalin tsibirin Okinawa na Japan da 'yan asalin ƙasar Sulobakiya ta Turai da jan biro, ka ce me ya sa waɗancan suka ɗara waɗannan alhali duk kakanninsu leburori ne. To ni na san inda ka dosa. So kake in ce abin a jini yake, wai mutumin Asiya da ƙwazo aka haife shi. Tun muna aji uku haka kake, komai sai ka ce jini. Ba zan ce ba.

Bari ma in fara da jadawalin naka, don ni ban yarda da shi ba. A ƙidayar Amurka ta 1990 mutum wajen miliyan 1.9 ne suka ce su Sulobak ne. A ta 2000 ba su kai 800,000 ba. Annoba aka yi? Ko ɗaya. A takardar 1990 an sa sunan Sulobak cikin misalan da aka jera a ƙarƙashin tambayar, mutum ya gani ya ce af, ai kakata ma can take, ya rubuta. Da aka cire misalin sai adadin ya zube. Su kuma 'yan Okinawa yawancinsu Japan suke rubutawa, wanda zai zauna ya rubuta Okinawa da hannunsa ɗan kaɗan ne, kuma galibi a Hawaii yake. Hawaii kuwa, kai, inda kusan komai sai jirgin ruwa ya kawo, kuɗin haya kamar a yanka mutum, gida ɗaya ka tarar da kaka da 'ya'ya da jikoki kowa na kawo albashi. Ka haɗa wannan da tsohuwa ɗaya mai cin fansho a wani gari na Pennsylvania, ka ce ka auna? Ka gane ko?

Amma to, mu ce akwai bambancin. Akwai ɗin ma, ta wata fuskar. Ni dai shekara huɗu na yi a Pittsburgh, kun sani, kuma a gidan wata tsohuwa 'yar Sulobak na yi haya, can cikin garuruwan bakin kogin Monongahela, don a cikin birni kuɗina ba za su kai ba. Saboda haka wannan ɓangaren da idona na gani.

Mutanen nan daga 1870 da wani abu suka fara zuwa har zuwa yaƙin duniya na farko, wajen rabin miliyan. Lokacin babu ƙasa mai suna Sulobakiya, ƙarƙashin Hungari suke, shi ya sa Amurkawa ke musu kallon 'yan Hungari, har da sunan raini, Hunky. Yawancinsu daga gabas suka fito, su Spiš, Šariš, Zemplín, manoma marasa gona. Kuma ci-rani suka zo, wallahi kamar namu, a tara kuɗi a koma a sayi fili. Da yawa sun koma. Waɗanda suka tsaya, ramin kwal ne a Scranton da Hazleton, ko masana'antar ƙarfe a Homestead da Braddock da Youngstown da Cleveland. Awa goma sha biyu a bakin wuta kullum, ranar canjin aiki mutum ya yi awa ashirin da huɗu a tsaye. A 1897, a Lattimer, 'yan sanda suka buɗe wa masu haƙar kwal wuta suna tafiya hannu ba makami, mutum 19 suka mutu, 'yan Poland da Sulobak da Lituwaniya, aka je kotu aka wanke masu harbin tas. To wannan mutumin ne za ka ce ba shi da ƙwazo?

Da suka ga mutuwa ta yi yawa sai suka kafa ƙungiyoyi. A 1890 kaɗai an kafa biyu manya, ɗaya a Pittsburgh, ɗaya a Cleveland wadda suke kira Jednota, wani fada Štefan Furdek ne ya kafa ta. Kowa ya zuba 'yan kwabbai duk wata, in rami ya rufta da kai a yi maka jana'iza a ba matarka wani abu. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abin da ya ɗaure su, kuma mutane ba sa son jin wannan, daɗi ne ya ɗaure su. Daga 1937 da kamfanin ƙarfe na U.S. Steel ya amince da ƙungiyar ƙwadago, albashi ya yi ta hawa, bayan yaƙi ga fansho ga asibiti. Yaro ya gama sakandare ranar Juma'a, Litinin kawunsa ya kai shi masana'anta, a shekara kaɗan ya sayi mota ya yi aure. Wa zai buɗe shago? Wa zai je jami'a ya ɓata shekara huɗu? Duk abin da suka tara suka zuba a gida da coci, a gari ɗaya, gindin kamfani ɗaya. Sai ranar 19 ga Satumba 1977, a Youngstown, aka wayi gari an ce an rufe, mutum wajen 5,000 ba aiki. Homestead ta bi a 1986. Braddock da ke da mutum sama da 20,000 a 1920, yanzu ba ta kai 2,000 ba.

Tsohuwar nan tawa, Allah sarki. Gidan bulo ne mai hawa biyu, mijinta ya biya shi da gumin shekara talatin. Kullum da safe sai ta share dakalin ƙofa, alhali gidan dama an toshe tagoginsa da katako, na hagu an rushe, ciyawa ta kai gwiwa. Ran nan ta fito da takardar da dillali ya ba ta, ta ajiye min a tebur kusa da kwanon pirohy, wani abincinsu ne na ƙullin fulawa da dankali a ciki, ta koyi yi min da man shanu zalla don ta san ba na cin alade. Ta ce duba abin da suka ce gidana ya kai. Na duba na yi shiru, don ko motar ɗanta ta fi shi kuɗi. 'Ya'yanta uku duk sun yi karatu, ba talakawa ba ne, ɗaya na Texas, ɗaya na Carolina, amma gadon da za su ci a wurin nan babu. Kuma jikokinta in ka tambaye su, Ba'amurke kawai za su ce maka, sun fita daga jadawalinka ke nan.

Ni abin ya taɓa ni ne don na san shi. Babanmu, Allah ya jiƙansa, shekara ashirin da biyu ya yi a masaƙa a Kaduna. Ranar da aka rufe ƙofa ba wanda ya kira su ya yi musu bayani, takarda aka liƙa a get. Kuɗin sallama ya yi ta sintiri, yau a ce gobe, gobe a ce an kafa kwamiti, har ya koma ga Mahaliccinsa bai ga sisi ba. Fayil ɗin na nan a akwatin Hajiya, da katin aikinsa, hoton ya koɗe. Sannan wani mai cin albashin gwamnati ya zo ta'aziyya yana ce mana ai da ya yi tanadi. Tanadin me? Mutumin da... kai, bari in bar wannan, raina zai ɓaci. Ina muke?

Yauwa, Okinawa. Su ma fa ba Japanawa ba ne tun asali, masarautarsu daban, Ryukyu, da harshensu, sai a 1879 Japan ta haɗiye su. Wata 'yar Hawaii da muka yi aji ɗaya, ranar farko na ce mata Bajapaniya, ta ɗaga min hannu ta ce Uchinanchu, haka suke kiran kansu. Mutum 26 ne suka fara sauka a Honolulu a Janairun 1900, wani Kyuzo Toyama ne ya shirya tafiyar, aka kai su gonar rake. A can kuma suka tarar Japanawan babban tsibiri sun riga su da shekara goma sha biyar, sun kama wuri, suna musu kallon 'yan ƙauye. Ba a ba su aure, ana yi wa matansu dariya saboda zanen da ke bayan hannunsu, yara na bin su da waƙar tsokana wai masu cin alade. Wato raini biyu suka sha, na Bature mai gona da na ɗan'uwa.

Ku yi haƙuri da zancen alade da safen nan, amma ba yadda za a yi a ba da labarin nan ba shi. Sana'ar da kowa ke ƙyama ita suka kama. Su bi gidajen abinci na Honolulu da sassafe su kwashe ragowar abinci su ciyar da dabbobinsu. Wasu suka shiga gidan abincin ta ƙofar baya, wankin kwano, daga nan girki, daga nan mutum ya buɗe nasa ya ɗauko ɗan garinsu ya koya masa, shi ma ya buɗe. Mutanen ƙauye ɗaya, Oroku, sun riƙe gidajen abinci da yawa a Honolulu ta wannan hanyar. Jarin daga ina? Adashi. Wallahi adashi irin na su Hajiya, su suna ce masa moai, kowa ya zuba, wannan watan kai ka ɗauka. Kun tuna na ce ku riƙe zancen Jednota? To ga shi, asusun can na likkafani ne, na nan na jari.

A'a, dakata, ban yi adalci ba. 'Yan Sulobak ma sun yi asusun rance, da shi suka sayi gidajen. Kuma ba wai ɗan Okinawa ya fi wayo ba ne ya bar gona. Wata biyar da zuwansu dokar Amurka ta soke aikin ƙwantiragi a Hawaii, ƙofa ta buɗe, kuma gonar rake ba ta biyan abin da zai riƙe mutum. Shi wancan masana'anta ta biya shi har ya miƙe ƙafa. Na gyara.

Sai kuma sa'a, wadda kai Malam ba ka son a ambata. Yaƙin duniya na biyu ya cika Hawaii da sojojin Amurka, kowa na son abinci da nama, masu alade da masu gidan abinci suka kwashi kuɗi. Kuma a Hawaii ba a kwashe Japanawa gaba ɗaya an kulle a sansani ba kamar yadda aka yi a California, waɗanda aka tsare ba su kai 2,000 ba, saboda haka dukiya ba ta salwanta ba. Bayan yaƙi aka yi yajin aikin rake na 1946, siyasa ta juya a 1954, Hawaii ta zama jiha a 1959, jiragen sama suka yi ta sauke 'yan yawon buɗe ido. Filin da kakanka ya saya don kiwon alade a bayan gari, birni ya zo ya same shi. Kantin Times, 'yan gidan Teruya suka buɗe a 1949. Gidan abincin Zippy's, 'yan gidan Higa, 1966. David Ige ya yi gwamna daga 2014 zuwa 2022, ɗan asalin Okinawa na farko da ya riƙe jiha a Amurka. A shekarun da gidan tsohuwata ke narkewa, nasu na ninkawa.

Wani abu da ke burge ni, a 1948, bayan yaƙi ya cinye wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Okinawa, dabbobi ma sun ƙare, 'yan Hawaii suka yi karo-karo wajen dala 50,000 suka sayi alade 550, mutum bakwai suka raka su a jirgin ruwa tun daga Oregon har tsibirin. Ka duba, shekara 48 kacal daga leburan rake.

To in jini ne, Malam, amsa min wannan. Me ya sa Okinawa ɗin kanta har gobe tana sahun ƙarshe a kuɗin shiga cikin lardunan Japan? Jinin bai canza ba ai. Amurka ta mulke su har 1972, kuma wajen kashi 70 na filayen sansanin sojan Amurka a Japan a kansu aka jibge, tsibirin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasar ba. Ita kuma Sulobakiya da kake rainawa, yau ba ƙasar da ta kai ta ƙera mota in aka raba da yawan jama'a, ga Volkswagen a Bratislava, ga Kia a Žilina. Abin dariyar ma, a 2000 U.S. Steel ɗin nan ta Pittsburgh ta je ta sayi masana'antar ƙarfe ta Košice, a gabas ɗin da kakannin suka gudo saboda yunwa. Na faɗa wa tsohuwata wannan, ta ce to su zo su ɗauke ta ita ma.

Akwai zancen Brazil da Boliviya da na so in shiga, don can ma 'yan Okinawa sun je, Brazil tun 1908, kuma labarin ya sha bamban da na Hawaii, amma muryar nan ta wuce minti goma, na ga Yaya ta fara turo alamar barci. Malam, kafin ka sake turo wani jadawali, ka duba ƙasansa ka gaya min mutum nawa aka tambaya a layin Okinawa ɗin. Ina jira. Sai anjima.