Tambaya da Amsa: Laftof Ɗina Tana Ƙas-ƙas, Yaya Zan Ceto Fayilolina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma aikin furojet ɗina da hotunan bikin yayata duk suna cikin laftof ɗina. Kwanan nan ta soma nauyi, takan sandare idan na buɗe fayil, wani lokaci kuma ina jin ƙas-ƙas daga ƙarƙashinta. Wani mai gyara ya ce a yi mata fomat a sa sabon Windows. In yarda? Daga wata ɗaliba, Runjin Sambo, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki yarda, domin alamomin da kika lissafa na rumbun ajiya (hard disk) ne da ya kama hanyar mutuwa, kuma sabon Windows zai hau ne kan wurin da fayilolinki suke. Ki kashe kwamfutar, ki daina kunna ta don a ga ko ta warware.

A cikin rumbun akwai faifai mai juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin laftof masu irin wannan rumbun, da wata allura da ke karanta shi ba tare da ta taɓa shi ba, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ko ƙwayar ƙura ba za ta shiga ba. Ƙarar da kike ji, galibi allurar ce take neman wurin karatu ta kasa, ta koma ta sake gwadawa. Idan ta kai ga gogar faifan, abin da ta kankare ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi. Saboda haka idan ƙarar ba ta tsayawa, kuma kwamfuta ta daina ganin rumbun, aikin ya zama na ƙwararru masu ɗaki na musamman da ake tace iskarsa. Kada ki bari a kwance shi a kan teburin shago, balle a lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Masu cewa a sa shi a firiza ma ki rabu da su, raɓa kawai zai kwaso.

Tun da naki yana buɗewa, akwai sauran dama. A ciro shi, a haɗa shi da wata kwamfuta ta kebul ɗin SATA zuwa USB, ki fara kwafe furojet ɗin kafin komai, sannan hotunan. Idan kwafin yana tsayawa a hanya, a nemi wanda ya iya Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta kamar Windows, ya yi amfani da manhajar ddrescue, wadda kyauta ce, ya kwafe rumbun gaba ɗaya zuwa wani mai lafiya wanda girmansa bai gaza na tsohon ba. Abin da ya sa na fi amincewa da ita shi ne, takan fara kwashe wurare masu lafiya da sauri, ta tsallake masu matsala sai daga baya, tana kuma iya ajiye bayanin inda ta tsaya, ta yadda ko an ɗauke wuta za a ci gaba daga nan. Aikin kan ci sa'o'i masu yawa, kuma a garin da zafin Afrilu kan haura digiri 40, gara a yi shi da dare, rumbun na kan tebur, fanka na hura shi.

A kan wannan kwafin ne za a gwada manhajojin dawo da fayiloli, TestDisk ko PhotoRec, ko a yi duk wani gyara irin na chkdsk, manhajar Windows mai duba rumbu, ba a kan mara lafiyar ba. Sai dai PhotoRec kan dawo da fayiloli babu sunayensu na asali, don haka sai kin yi haƙurin buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Idan an kulle rumbun da BitLocker, makullin tsaro na Windows, za a buƙaci mabuɗinsa mai lambobi 48, wanda sau da yawa yake ajiye a asusunki na Microsoft. Ina kuma ba ki shawara ki zauna a wurin yayin da ake aikin, ko ɗan'uwanki ya zauna, tun da akwai hotunan iyali a ciki. Kafin ki biya kowa ko sisi, ki duba imel da WhatsApp ɗinki, wataƙila babukan da kika tura wa malamin da ke duba aikinki suna nan.