Kafin ka zuba jari a tabarau na koyar da tarihi

Wani ɗan kasuwa ya rubuto cewa yana son ya sayi tabarau talatin masu nuna duniyar kwaikwayo, waɗanda ake kira VR, domin ya riƙa ba makarantu haya a darasin tarihi, kuma yana neman sanin yadda zai tantance manhajar da ta cancanci kuɗinsa.

Malam, kafin kyawun hoto ya ɗauke maka hankali, fara bincikar tsawon ran manhajar. Kamfanin Google ya fito da manhajar VR ta makarantu mai suna Expeditions a 2015, makarantu masu yawa suka sayi kayan aiki dominta, amma a ƙarshen watan Yunin 2021 aka rufe ta. Haka tabarau Oculus Go, wanda ya fito a 2018, aka daina sayar da shi a 2020. Saboda haka ka tambayi mai sayarwa ko darussan suna aiki ba tare da intanet ba, ko za su buɗe a na'urar wani kamfanin, da kuma ko kuɗin lasisi na shekara-shekara ne a kan kowane tabarau. Wannan na ƙarshen shi ne ke cinye riba a ɓoye.

Ingancin darasi kuwa, malamin tarihi za ka sa ya gwada. Manhajar da gidan tarihin Anne Frank na Amsterdam ya fitar a 2018 tana nuna ɗakunan da wannan yarinya Bayahudiya ta ɓuya a ciki tare da iyalinta don tsoron 'yan Nazi, da kayansu kamar yadda suke tsakanin 1942 da 1944, kuma masu riƙe da hujjojin ne suka tsaya a kan aikin. Duk manhajar da ta sake gina tsohon birni ba tare da ta bambance abin da aka tono da abin da aka ƙiyasta ba, ni ba zan kai ta gaban yara ba.

Ka kuma lissafa wahalar aji. Batirin yakan ƙare cikin awa biyu ko kusa da haka, wasu yara jiri yana ɗibarsu bayan 'yan mintoci, kuma dole a goge soson da ke taɓa fuska kafin wani ya saka. Fasahar AR, wadda ke ɗora hoton tsohon gini a kan teburin da kyamarar waya ta ɗauko, ba ta buƙatar tabarau, don haka jarinta ya fi sauƙi.

Shawarata ita ce ka fara da guda biyar, ka yi zango ɗaya da makarantu biyu, ka ɗauka cewa na'urar shekara uku za ta yi maka aiki. Idan kuɗin hayar ba zai mayar da uwar kuɗi cikin rabin wannan lokacin ba, kada ka sayi sauran ashirin da biyar ɗin.