Amsa: Bambancin "throw" da sauran kalmomin jifa a Turanci

Malama, kin tambaya ko "throw", "toss" da "hurl" duk abu ɗaya ne tunda ƙamus ya jera su tare. Ma'anarsu ta yi kusa, amma ba a saka kowacce a gurbin 'yar'uwarta.

"Throw" ita ce uwa, jefawa kowace iri. Idan aikin ya wuce sai a ce "threw", ko "thrown" bayan "have". Abin da nake so ki riƙe sosai shi ne kalmar da ke biyo ta. "Throw it to him" na nufin cilla masa ya cafe. "Throw it at him" kuwa jifansa ne don a same shi, kamar yaro ya ɗauki dutse ya auna kare. Ɗalibai na yawan tuntuɓe a nan.

"Toss" cillawa ce a hankali, kamar yadda alƙalin wasa ke cilla kwabo sama kafin a take ƙwallo. "Hurl" wurgi ne da dukkan ƙarfi, galibi cikin fushi, har zagi ana cewa an "hurl". "Fling" ma wurgi ne, sai dai na ko-in-kula.

"Cast" tsohuwar kalma ce, ba ta sauya siffa idan aikin ya wuce, yanzu an fi jin ta wajen jefa ƙuri'a da jefa taru a ruwa.

Ki kula da "throw up", wannan amai ne. "Throw away" kuma yarwa a bola.