Intanet na tafiya, foldar ofis kuma ta ƙi buɗuwa da safe

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutoci 18 a wani ƙaramin ofis, da sabar Windows guda ɗaya mai riƙe da fayiloli da asusun ma'aikata. Watan jiya shafukan intanet suka daina buɗuwa, alhali WhatsApp na aiki a wayoyinmu. Wani abokina ya ce in sa 8.8.8.8 a matsayin DNS na biyu a kowace kwamfuta, na sa, intanet ta dawo. Yanzu kuma da safe sai wasu su ce foldar ofis ta ƙi buɗuwa, zuwa hantsi ta dawo da kanta. Na kashe rauta na kunna har na gaji. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ƙyale rautar nan ta huta, da alama ba laifinta ba ne. Maganin da abokinka ya ba ka ne ya warkar da ciwo ɗaya ya haifar da wani.

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. In ka rubuta sunan shafi ko na sabarku, sai ta tambayi DNS lambar IP ɗin sunan, kamar yadda kake taɓa suna a waya ita kuma ta kira lamba. Ita 8.8.8.8 ta Google ce, ta san sunayen da ke fili a intanet, amma ba ta taɓa jin sunan sabar ofishinku ba. Tamkar ka tare baƙo a tasha ne ka tambaye shi gidan mai unguwarku.

Abin da ke rikita mutane shi ne kalmar "na biyu". Suna zaton in na farko bai sani ba za a tambayi na biyu, in na biyu bai sani ba a koma wa na farko. Ba haka Windows ke yi ba. Shiru ne kawai ke sa ta wuce gaba. In sabarku ta yi jinkirin amsa, sai ta tambayi Google, Google ta ce babu wannan suna, ita kuma ta karɓi "babu" a matsayin amsa, har ta adana ta na ɗan lokaci. Shi ya sa abin ke zuwa da safe. Zan so ka lura da abin da ke faruwa in an tada janareta: rauta da kwamfutoci kan tashi nan da nan, saba kuwa sai ta ɗauki mintuna kafin ta gama shiri, a wannan tsakanin kowa ya riga ya koma wurin baƙon tasha.

Gobe da safe, da zarar wani ya yi kuka, kada ka taɓa komai. Zauna a kujerarsa ka buɗe Command Prompt. Ka yi ping, wato umarnin da ke gwada ko na'ura na amsawa, da lambar sabar, misali ping 192.168.1.10, sannan ka sake yi da sunanta. In lamba ta amsa suna ya ƙi, to kebul da rauta sun fita daga zargi, DNS ce. Daga nan ka rubuta ipconfig /all ka duba layin DNS Servers. Sai kuma nslookup da sunan sabar, ka bi shi da lambarta, don ka tambaye ta kai tsaye. Amsar "Non-existent domain" na nufin an amsa amma ba a san sunan ba, "timed out" kuwa na nufin ba wanda ya amsa, wato ko saba ba ta tashi ba, ko katangar tsaro ta toshe ƙofa ta 53, wadda DNS ke bi ta UDP da TCP. Ka sani nslookup ba ya duba amsoshin da kwamfuta ta adana, don haka yana iya nuna komai lafiya alhali folda na ƙi. A nan ipconfig /displaydns zai nuna maka abin da ta riƙe, ipconfig /flushdns kuma ya share shi.

Gyara na gaskiya a kan saba yake. Ka cire 8.8.8.8 daga dukkan kwamfutocin, ka bar lambar sabar kaɗai, kuma gara DHCP, tsarin da ke raba wa kwamfutoci lambobi da kansa, ya raba ta da ka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka buɗe DNS Manager a sabar, ka shiga Forwarders, can ne gurbin 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 ta Cloudflare. Haka saba za ta amsa sunayen gida da kanta, ta miƙa na waje. Ina kyautata zaton a wannan shafin na Forwarders za ka ga asalin matsalar watan jiya, domin sau da yawa ofis kan canza kamfanin intanet a manta da tsofaffin lambobinsa a can. WhatsApp ɗin da ya yi ta aiki ba hujja ba ce, wayoyin na iya kasancewa a kan datarsu.

In ipconfig ya nuna maka wata lambar DNS da ba ka sa ba, ka zagaya ƙarƙashin tebura. Ba sau ɗaya ba na iske ƙaramar rautar da wani ya zo da ita daga gida don Wi-Fi ɗinsa ya yi ƙarfi, ya soke ta a bango, tana ta raba lambobinta ga duk wanda ya tambaya. Haka kuma ka duba Secure DNS a cikin Chrome, domin in an saita shi zuwa wani mai hidima na waje, burauza za ta tsallake sabarku.

Sai ka nemi oga ya sayo wa sabar UPS, batirin da ke riƙe ta a kunne in an ɗauke wuta. Kafin kuɗin su fito, ka riƙa kunna ta minti goma kafin ma'aikata su zauna.