Tambaya da Amsa: Wani fim ya tsorata ni da jihar Kerala

Tambaya: Malam, ɗana ya samu gurbin karatu a Kochi, jihar Kerala ta Indiya. Sai ga guntun wani fim yana yawo a WhatsApp, wai Musulmin can suna yaudarar 'yan matan Hindu suna miƙa su ga 'yan ta'adda. Tun ranar barci ya ƙaurace min. Haka mutanen jihar ke kallon Musulmi? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Abin da aka turo miki The Kerala Story ne na 2023, kuma da Hindi aka yi shi. Mutanen Kerala yaren Malayalam suke yi, masana'antar fim ɗinsu ma daban take.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya ke nan kullum. A wurinmu komai "fim ɗin Indiya" ne, kuɗin goro. Mai yanko minti uku ya watsa a waya bai san wa ya shirya fim ba, bai san da wace manufa aka yi shi ba, amma ya tura wa iyaye mata da dare ya hana su barci. A tallan fim ɗin an ce mata 32,000 aka musuluntar aka kai wa ISIS. Da magana ta kai Kotun Ƙolin Indiya a watan Mayun 2023, an umurci masu fim ɗin su rubuta ƙarara cewa babu sahihan alƙaluman da ke tabbatar da wannan adadi. Babban ministan jihar a lokacin, Pinarayi Vijayan, farfaganda ya kira fim ɗin. Wannan ɓangaren ba wanda ke turawa. Haba jama'a, ina tsoron Allah a yaɗa abin da ba a bincika ba?

A ƙidayar 2011, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Kerala Musulmi ne. In kina son ganin yadda suke ba da labarin kansu, nemi fim ɗin Sudani from Nigeria na 2018. Wani ɗan ƙwallon Najeriya ne ya ji rauni a Malappuram da ke jihar, ya kwanta jinya a gidan manajansa Majeed. Tsofaffi biyu Musulmai suna kai masa abinci, suna zama gefen gadonsa, ba mai jin yaren wani.

Can ma akwai nasu laifin. Jarumin fim ɗin, Samuel Robinson, ya fito ya koka cewa an rage masa kuɗi, kafin daga baya a sasanta. Ku zauna ku kalli Sudani from Nigeria tare da yaron kafin ya tashi, Allah ya kai shi lafiya.