Amsa ga ɗan'uwan da zai tafi makarantar tauhidi, ga iyali, ga yara, ga kare

Salama gare ka ɗan'uwa. Na ga 'yan'uwa sun yi ta taya ka murna da addu'a, Allah ya amsa, amma har yanzu ban ga wanda ya taɓo ainihin tambayarka ba. Ka ce ka samu gurbin karatu a ɗaya daga cikin makarantun tauhidi na wajen Jos, inda ake horar da fastoci, kana da maiɗaki da yara uku, babban yana firamare, ƙaramar ba a daɗe da yaye ta ba, ga kare da yaran suka shaƙu da shi, ga 'yan kaji. Kana neman shawara: ka kwashe kowa ku tafi, ko ka bar su a gida ka riƙa leƙo su lokacin hutu? Har ka ce kana jin nauyin sa maganar kare a cikin zancen kiran Ubangiji. Kada ka ji nauyin komai. Ni da iyalina mun bi wannan hanyar a nan Filato, kuma mu ma da karenmu muka zo.

In da hali, ka tafi da su. Wannan ba sabon abu ba ne a ikilisiyoyinmu. Tun zamanin mishan, a makarantun Littafi Mai Tsarki irin na Kwarhi wajen Mubi, miji da mata ake ɗauka tare, a ba su ɗaki da filin noma, ita ma matar ta shiga nata ajin. Iyayenmu na bangaskiya sun gane cewa gida ne za a aika bakin aiki, saboda haka gidan gaba ɗaya suke horarwa. Bulus ma da yake lissafa wa Timoti halayen mai kula da ikilisiya, a sura ta 3 ta wasiƙarsa ta fari, riƙon gida ya sa a matsayin ma'auni. Shekara uku ko huɗu a rayuwar yaron firamare ba ƙaramin lokaci ba ne. Na ga abokan karatu da suka bar iyali a Taraba da Adamawa. Sun fi mu samun lokacin ɗakin karatu, ba musu, amma duk wayar da ta shigo da dare sai ka ga fuskarsu ta canza, kuma kuɗin motar da suka kashe wajen kai da komo ya isa ya riƙe gida.

To amma ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. Kai ne ka ji kiran nan. Su biyo ka za su yi. Ranar da ka isa, kai ka samu aji, ka samu malamai, ka samu abokai masu buri irin naka, kowa yana ce maka Malam ko Fasto. Maiɗakinka fa? Ta bar masu sayen kayanta, ta bar maƙwabciyar da ke karɓar mata goyo, ta bar Zumuntar Mata ta ikilisiya inda aka san muryarta, ta zo ɗaki ciki da falo a tsakiyar mutanen da yarensu ma ba ɗaya ba. Watannin farko ni kullum da labari nake dawowa gida, ita kuwa ba ta da wanda ta yi hira da shi tun safe sai 'yar goye. Saboda haka kafin ka amsa wa dattawan ikilisiya, ku zauna ku biyu, ka bar ta ta faɗi abin da za ta rasa ɗaya bayan ɗaya, kada ka katse ta da aya. Ka tambayi makarantar ko suna da ajin matan ɗalibai, domin da yawansu suna da shi, ana koyar da Littafi Mai Tsarki, kiwon lafiya, ɗinki da saƙa. Ranar da tawa ta fara zuwa ajin nan da littafinta a hannu, gidanmu ya sake. Ta dawo tana gardama da ni a kan littafin Rut, kuma a wurare da dama ita ke da gaskiya.

Akwai halin da zan ce kada ka motsa su. In maiɗakinka tana aikin gwamnati da ba za a yi mata canjin wuri ba, ko akwai yaro a ajin ƙarshe na sakandare yana shirin jarrabawar WAEC, ko akwai tsohuwa a gida da ba mai duba ta sai ita, to ka bincika karatun lokacin hutu da wasu makarantun ke yi. Ya fi ɗaukar shekaru, amma ba ya tuge gida.

Maganar kuɗi ba zan ja ta ba. Alkawarin da ikilisiya ta yi maka na tallafi, da zuciya ɗaya aka yi shi, sai dai baikon da masu sujada ke bayarwa ba ya shigowa daidai da ranar da makaranta ke neman kuɗinta, kuma a watan Satumba naka kuɗin makaranta da na yara kan haɗu a lokaci guda. Ka nemi majalisar ikilisiya ta rubuta abin da za ta ba ka da lokacin bayarwa. Ku zo da hatsinku daga gida, ku zo da sana'ar hannu. Mu awara da kunun zaƙi ne suka saya wa yara takalma. Kayan miya da dankalin Turawa suna da sauƙi a nan fiye da wurare da yawa, musamman in maiɗakinka za ta iya zuwa kasuwar Farin Gada da sassafe.

Sai sanyi. Ka fito daga ƙasa mai zafi, kada ka raina sanyin Filato. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu ruwan randa da asuba ba ya taɓuwa. Ka je kasuwar Katako tun kafin hunturu ka ɗebo wa yara rigunan sanyi, safa da huluna na gwanjo. Abu ɗaya nake roƙonka da babbar murya: kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Hayaƙinsa ba ya wari, ba a ganinsa, kuma yana kashe mutane cikin barci. A ɗumama ɗaki, a fitar da wutar waje, sannan a kwanta. In kuma ba ka samu gida a cikin makaranta ba sai haya, ka nemi tsofaffin ɗalibai su raka ka, domin tun rikicin 2001 zaman unguwanni a Jos ya canza, baƙo ba zai gane wannan da ido ba.

Yanzu karatun kansa. Abin da ya fi kayar da magidanta shi ne Helenanci da Ibrananci, harsunan da aka fara rubuta Littafi Mai Tsarki da su. Tarihin ikilisiya ko wa'azi za ka iya zama ranar Asabar ka cinye babi uku, amma harshe ba ya karɓar haka. Kamar ban ruwan lambu yake a lokacin rani: kaɗan kullum, in ka tsallake kwana biyu ka tarar ya yi yaushi. Baƙaƙen Helenanci 24 ne, na Ibrananci 22, kuma Ibrananci daga dama zuwa hagu ake rubuta shi irin na Larabci, da ɗigo-ɗigon wasula a ƙarƙashi da kewayen baƙaƙe. Haddace baƙaƙen ba wuya. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Wahalar tana wajen sauye-sauyen aikatau da tarin kalmomi. Abin da ya taimake ni shi ne na yanka kwali ƙanana, kalma a gaba, ma'ana a baya, na ba babbar 'yata ta zama malamata. Da yamma ina tsinke zogale ko ina ɓarar gyaɗa, ita tana ɗaga kwali tana cewa "Baba, wannan fa?" In na kuskure ta mayar da shi ƙasan tarin da murna. Kafin ƙarshen zangon ta iya rera baƙaƙen Helenanci tun daga alfa har omega, kuma ta daina ganin littattafaina a matsayin abin da ke ƙwace mata uba.

Lokacin karatu mai nauyi ka ɗauke shi daga barcinka na asuba, kada ka ɗauke shi daga yammacin yara. Daga ƙarfe huɗu zuwa shida gida shiru, kai ma ƙwaƙwalwarka a wartsake. Tsakanin lacca da lacca ka shige ɗakin karatu maimakon hirar gindin bishiya. Daga lokacin da yara suka dawo har su kwanta, ka rufe littafi. Ka sayi 'yar fitila mai cajin rana, domin wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, kuma duk abin da ka rubuta a kwamfuta ka tura wa kanka ta imel a ranar. Na ga magidanci yana hawaye a shekarar ƙarshe saboda kwamfuta ta mutu da babi huɗu na kundin bincikensa a ciki.

Ka kuma sani Lahadi ba taka ba ce. Za a tura ka wata ikilisiya aikin koyo, wani lokaci a ƙauye mai nisa, ka fita da duhu ka dawo da la'asar a gajiye. Iyalin da suka saba zama kusa da kai a sujada za su riƙa tafiya su kaɗai. Ka zaɓi wata rana ko wani yammaci ya zama nasu, ka tsare shi yadda kake tsare lokacin jarrabawa. Kuma abin da ka koya da Turanci a aji, ka gwada faɗinsa da Hausa a addu'ar dare ta gida. In ɗan firamare ya gane, to tsohuwar da ke bencin baya a ƙauye za ta gane. Wannan ya gyara mini wa'azi fiye da maki da yawa da na samu.

Na zo kan kare, kuma zan ɗan daɗe a kansa domin na ga yadda manya ke raina abin. Yaro ba shi da gona, ba shi da sana'a, ba shi da muƙami a ikilisiya. Abin da ya mallaka a duniya shi ne abokansa, makarantarsa, da dabbar nan. Biyu na farko dole ya bar su. In ka raba shi da na uku ba tare da ka tambaye shi ba, abin da zai riƙe a zuciya shi ne aikin Allah ya cinye masa kare, kuma irin wannan tabon kan bi 'ya'yan fastoci har girma. Namu sunansa Duna. Makonnin farko ɗana na biyu ba ya magana da kowa a sabuwar makaranta, amma yana dawowa zai jefar da jaka ya zauna a bakin ƙofa, Duna ya ɗora masa kai a cinya, ya yi ta ba shi labarin abin da ya faru a aji. Ta dalilin karen ne ma yaran maƙwabta suka fara zuwa, daga nan ya yi abokai.

Amma akwai sharuɗɗa, kuma ba na wasa ba ne. Ka fara tambayar ofishin kula da ɗalibai ko an yarda da kare a gidajen ma'aurata, domin gidajen a manne suke, kuma wasu makarantun ba sa yarda. In haya ce, ka tambayi mai gida da maƙwabta. Akwai waɗanda addininsu ko al'adarsu ba ta son kare kusa da ɗaki, haƙƙinsu ne ka girmama. Sai allurar ciwon haukar kare: ana fara ta tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma ka adana katin kamar yadda kake adana na rigakafin yara. Ka yi sa'a, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda ke nan tun 1924, ba ta da nisa da Bukuru kusa da Jos, kuma ita ke sarrafa alluran dabbobi da yawa a ƙasar nan. In kare ya ciji yaro, naka ko na wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Kada ka bar shi yana yawo. A Filato ana cin naman kare, har akwai babbar kasuwarsa a Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke, kuma kare mai ƙiba da ke gararamba shi kaɗai yana iya ɓacewa rana tsaka. Ka ɗora wa yaran ba shi abinci da kwashe kashinsa. Su suka roƙa, su riƙe amanar.

In makaranta ta ce a'a, kada ka sayar da shi a ɓoye ka ce ya gudu. Ku zauna da yaran, su zaɓi gidan da za a kai shi, wajen kaka ko kawu, su raka shi da kansu, a riƙa turo musu hotonsa a WhatsApp, su tarar da shi lokacin hutu.

Kajin kuwa ka sayar, ka sayi wasu in kun zauna. Doguwar tafiya tana wahalar da su, kuma annobar kaji ta hunturu tana share garke cikin 'yan kwanaki in ba a yi musu rigakafi ba. Da kuɗin ka biya motar kaya. Direbobin haya da yawa ba sa yarda kare ya shiga cikin fasinja, saboda haka ka shirya da mai motar kayan tun wuri, a yi masa wuri mai iska da inuwa, kada a cika masa ciki kafin tashi, a riƙa ba shi ruwa duk inda aka tsaya. Ka kuma karɓo takardar canjin makaranta ta yara da katin asibitin ƙaramar kafin ranar tafiya, don hedimasta ba ya samuwa lokacin hutu.

Maiɗakina ta ce in gaya maka, in taka tana da tambayoyin da suka fi dacewa mace ta yi wa mace, ka yi mini magana ta akwatin saƙo in haɗa su. Ka gaishe ta da yaran.